Yadda ake jinyar yaron da ya ga tashin hankali: jagora ga iyaye, mariƙa da masu kula da yara

Yaron da aka yi wa mugun duka, ko aka ci zarafinsa, ko aka kashe wani a gaban idonsa, ko aka bar shi da yunwa da kaɗaici tun yana goye, da wuya ya buɗe baki ya ce yana cikin damuwa. Abin da manya ke gani shi ne taurin kai, faɗa, ƙarya, fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, ɓoye abinci, ko kuma wani irin shiru da har ake yaba masa ana cewa ga yaro mai hankali. Jinyar da ta yi la'akari da razana, wato tabon da irin wannan tashin hankali ke bari a zuciyar yaro, tana farawa ne daga tambayar da babba ke yi wa kansa. Maimakon "me ya sa yaron nan ba ya jin magana?" sai a ce "me yaron nan ya gani, me kuma yake gudu?"

Aikin yana da jeri, kuma jerin ne ƙashin bayansa: a fara tabbatar da tsaro, a shirya babban da ke riƙe da yaron, a koya wa yaron yadda zai kwantar da jikinsa, sannan a shiga labarin abin da ya faru. Yawancin jinyar da ta lalace, ko dai an yi tsalle an faɗa labarin tun ba a shirya ba, ko kuma an yi ta kewaye-kewaye shekara guda ba a taɓa labarin ba.

Abin da ke faruwa a jikin yaron

Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, aikinsa hango haɗari. Idan ya hango, jiki yakan saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, mutum ya shirya faɗa ko gudu, ko kuma ya sandare. Ga yaron da ya daɗe cikin tsoro, wannan sashen ya saba aiki ba hutu. Ɗaga murya, ƙarar rufe ƙofa, wani ƙamshi, ko hannun da aka miƙa ba zato, duk suna iya tayar da shi ko da babu wani haɗari. A wannan lokacin nasiha ba ta shiga, don sashen da ke auna magana ya ja baya. Shi ya sa ake cewa a fara kwantar da jiki, a jawo yaron kusa, a bar gyaran hali sai ya dawo hayyacinsa.

A 1998 Vincent Felitti da Robert Anda suka wallafa sakamakon binciken da cibiyar kiwon lafiya ta Kaiser Permanente da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka suka yi a San Diego, binciken da a ƙarshe ya ƙunshi manya fiye da 17,000. Kusan kashi biyu cikin uku sun ce sun fuskanci aƙalla nau'i ɗaya na wahalar ƙuruciya, kuma gwargwadon yawan nau'ikan, gwargwadon ƙaruwar haɗarin ciwon zuciya, baƙin ciki mai tsanani da shaye-shaye. Wannan lissafi ne na jama'a masu yawa. Ba a ɗaukarsa a yanke wa yaro ɗaya hukunci da shi, domin yara da dama kan warware idan suka samu babba ko da ɗaya ne da ya tsaya musu.

Matakin farko: tsaro da tantancewa

Kafin komai, a amsa tambaya ɗaya: abin ya tsaya ko yana ci gaba? Idan wanda ya cuci yaron yana iya kaiwa gare shi, aikin farko shi ne kariya da sanar da hukumar kare yara ko 'yan sanda bisa dokar ƙasar da ake. Haka nan idan yaron yana yanka jikinsa ko yana zancen kashe kansa, wannan ba ya jiran layi, a ga likita a ranar. A tambayi matashi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa.

A makonnin farko bayan faruwar abu, firgita da mugun mafarki da manne wa uwa ba abin mamaki ba ne, kuma yawanci sukan lafa. Idan aka wuce wata guda alamun na nan, suna hana barci ko karatu ko zama da mutane, lokacin neman ƙwararre ya yi, wato masanin halayyar ɗan Adam ko likitan ƙwaƙwalwa da ya samu horo kan razanar yara. Zai duba abubuwa huɗu: ko abin yana dawo wa yaron a mafarki ko a farke, ko yana guje wa duk abin da ke tuna masa, ko tunaninsa game da kansa da mutane ya ɓaci, da kuma ko jikinsa kullum a ɗar-ɗar yake. Ƙananan yara ba sa faɗa da baki, a wasa suke nunawa: za ka ga yaro yana maimaita wasa ɗaya, mota ta buge mota, ko 'yar tsana tana dukan 'yar tsana, ba tare da wani nishaɗi a fuskarsa ba.

Ƙwararren kirki yana amfani da ma'auni rubutacce, kamar CATS da ake cika wa yara 'yan shekara 3 zuwa 17, ko CPSS na 'yan 8 zuwa 18. Amfaninsa shi ne a samu lamba tun daga farko da za a riƙa kwatanta ci gaba da ita. Yana ganin yaron shi kaɗai, ya ga babban shi kaɗai, domin yara kan ɓoye ciwonsu don kada su tayar wa iyaye hankali, iyaye kuma sun fi ganin rashin ji a kan tsoron da ke ciki. A yi hattara da saurin cewa yaro yana da ciwon rashin natsuwa da ake kira ADHD. Yaron da ke gadin ƙofa da idonsa ba zai natsu a aji ba, kuma daga nesa su biyun kama suke yi. Wani yaron ma yana da duka biyun, don haka sai an ɗauki tarihi a tsanake.

Idan yaro ya fara faɗa maka abin da aka yi masa, kada ka ɗauki alkawarin rufa asiri. Ka ce: "Na yarda da kai. Ba laifinka ba ne. Zan gaya wa waɗanda aikinsu kare yara ne kawai, kuma zan sanar da kai kafin in yi." Kada ka sa masa magana a baki da tambaya irin "wa ya taɓa ka, ko ba wane ba ne?" Ka ce "sai me ya faru?" ka yi shiru. Tambayar da ke jan amsa tana rikita tunanin yaro, tana kuma iya rusa shari'a daga baya. Ka rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da ranar.

Zaɓen hanya bisa shekaru

Ga jarirai zuwa 'yan shekara 5 akwai hanyar CPP ta Alicia Lieberman da Patricia Van Horn, inda ake zama da yaro da mai renonsa tare ana wasa, ƙwararren yana fassara wa babban abin da wasan ke nufi. Takan ɗauki kusan shekara, mako-mako. Ga 'yan 2 zuwa 7 da rigima ta yi wa yawa akwai PCIT ta Sheila Eyberg: uwa ko uba na wasa da yaro, ƙwararren na bayan gilashi yana ba da umarni ta na'urar kunne. Ga 'yan 3 zuwa 18 akwai TF-CBT, wato jinyar tunani da ɗabi'a mai fuskantar razana, ta Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger, wadda ta fi kowace yawan gwaji a kan yara. Akwai kuma EMDR ta Francine Shapiro, mai haɗa tuna abin da ya faru da motsa ido hagu da dama. A ƙa'idojinta na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci jinyar tunani da ɗabi'a mai fuskantar razana, da kuma EMDR, a matsayin hanyoyin da za a bi da yara da matasa. Ku tambayi ƙwararren wace hanya ya koya, a ina, zama nawa yake hasashe, da kuma rawar da ku za ku taka. Wanda ya ce ku ajiye yaron ku dawo bayan awa ɗaya kowane mako ba tare da ya taɓa zama da ku ba, ku sake tunani.

TF-CBT daki-daki

Yawanci zama 12 zuwa 16 ne, sau ɗaya a mako, kowanne awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, ana raba lokacin tsakanin yaron da babban. An raba aikin kashi uku daidai: shiri, labari, haɗawa. Idan cutarwar ta daɗe kuma daga hannun masu reno ta fito, ana kaiwa zama 25, kuma shirin kaɗai kan cinye rabi. Babban da ke shiga dole ya zama wanda bai da hannu a cutarwar.

A kashin shiri ana fara da bayani. Ana gaya wa yaron cewa abin da ya same shi yana da suna, yana samun wasu yaran, kuma faɗuwar gaban da yake ji ba hauka ba ne. Ana kiran abin da sunansa tun zaman farko, a ce "dukan da aka yi maka", ba "abin nan" ba. Da haka yaron ke sabawa da jin zancen kaɗan-kaɗan, ya kuma gane cewa babban da ke gabansa ba ya tsoron maganar.

Sai dabarun jiki. Numfashin ciki: a shaƙa ta hanci ana ƙirga 4, a fitar a hankali ana ƙirga 6, sau biyar. Ƙaramin yaro ya kwanta a ɗora masa 'yar tsana a ciki, ya riƙa kallonta tana hawa tana sauka. Matse gaɓoɓi da saki: a dunƙule hannu daƙiƙa 5, a saki, a wuce kafaɗa, ciki, ƙafa. Idan yaro ya tafi duniyar tunani idonsa ya kafe, a dawo da shi da lissafi: abu 5 da yake gani, 4 da yake taɓawa, 3 da yake ji da kunne, 2 da yake shaƙa, 1 da yake ɗanɗana. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a tuna da dabarar sai rigima ta ɓarke. Dole a yi ta gwadawa kullum, minti biyar, lokacin da yaron ke cikin natsuwa, babban ma yana yi tare da shi. Wasu yaran rufe ido na tayar musu da hankali, a bar su su buɗe.

Ana kuma koya masa sunayen abin da yake ji da ma'aunin ƙarfin damuwarsa daga 0 zuwa 10, da yadda tunani ke haifar da ji, ji ya haifar da aiki. A nan misalan yau da kullum ake ɗauka: aboki ya wuce bai gaishe ka ba, me ka fara tunani, wane tunani kuma zai iya zama gaskiya?

Shi kuwa babban, aikinsa a gida shi ne minti 5 na wasa kullum wanda yaron ke jagoranta, ba umarni, ba tambaya, ba gyara. Yabo ya zama mai suna: "na ji daɗi da ka mayar da littattafan wurinsu", ba "yaron kirki" kawai ba. Umarni ɗaya a lokaci guda, a faɗi abin da ake so a yi. Duka da tsawa suna mayar da aikin baya, domin su ne ainihin abin da jikin yaron ke jira.

Kashi na biyu shi ne labarin, kuma nan ne iyaye suka fi jin tsoro. Tambayarsu ita ce, me zai sa a tono abin da yaro ke ƙoƙarin mantawa? Amsar ita ce bai manta ba, gudu yake yi, kuma kowane gudu yana ƙara wa tsoron ƙarfi. Kamar miki ne da aka rufe da datti a ciki: wankewar na da zafi, amma a hankali ake yi, da hannun da ya iya.

Yaron na faɗa, ƙwararren na rubutawa, ko a yi da zane, waƙa ko 'yan tsana. Babi na farko game da shi kansa ne: sunansa, abin da yake so, abokansa. Na biyu rayuwa kafin abin ya faru. Sannan abin da ya faru, a fara da wanda ya fi sauƙin faɗa. Kowane zama ana karanta abin da aka rubuta daga farko, a ƙara abin da ya ji a jikinsa da abin da ya raya a ransa, har a kai ga lokacin da ya fi muni. Ana tambayarsa lambarsa a kai a kai. Idan ta kai 7 ko 8 a dakata, a yi numfashi, ta sauko, a koma ko da jimla ɗaya ce. Idan aka rufe littafin a daidai ƙololuwar tsoro, an koya masa cewa gudu ne mafita. A bar minti goma na ƙarshe don wasa, kada ya fita jikinsa na rawa.

A cikin labarin ne gurɓatattun tunani ke fitowa. Yarinya 'yar shekara 9 za ta ce, "da na yi ihu da bai yi ba." Cewa "ba laifinki ba ne" kaɗai ba ya isa, ta sha jin haka. Ƙwararren zai tambaye ta: "Shekararki nawa a lokacin? Shi fa? Me ya ce zai yi in kika yi magana? Da ƙawarki ce abin ya samu, za ki ce laifinta ne?" Ita da kanta za ta kai ga amsar, sai a rubuta sabon tunanin a cikin littafin.

Kafin yaron ya karanta wa babban labarin, ƙwararren yana karanta wa babban shi kaɗai, da izinin yaron, babi-babi. Kuka da fushi da "ina nake aka yi haka?" duk a nan za a zubar da su. Ana gwada abin da zai faɗa har ya zauna masa. Ranar zaman haɗuwa, abin da yaron ke buƙata ya gani shi ne an ji komai kuma ba a guje shi ba. Idan babban bai yarda da yaron ba, ko ba zai iya riƙe kansa ba, a fasa wannan zaman, jinyar na iya kammaluwa ba da shi ba.

Kashi na ƙarshe ya haɗa da tunkarar abubuwan da yaron ke gudu alhali yanzu ba su da haɗari, kamar kwana shi kaɗai ko shiga banɗaki, mataki-mataki daga mai sauƙi. Sai darasin kare kai: sunayen gaɓoɓin jiki na gaskiya, taɓawar da ba ta dace ba, da sunayen manya uku zuwa biyar da zai iya gaya wa. A faɗa masa ƙarara cewa rashin sanin wannan a da ba laifinsa ba ne.

Yaran da ke hannun riƙo

Yaron da hukuma ta ɗauke daga gidansu ta danƙa wa wasu iyalai yana ɗauke da ciwo biyu: abin da aka yi masa, da rabuwar kanta. Ko iyayen sun cuce shi yana kewarsu, kuma yana jin cewa son mariƙinsa cin amana ne. Kada a zagi iyayensa a gabansa, kada a tilasta masa kiran mariƙa Mama ko Baba. A ba shi zaɓi, a bar lokaci ya yi aikinsa.

Binciken da Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah suka yi a Bukares ta Romaniya a kan yara 136 na gidajen marayu ya nuna cewa waɗanda aka mayar hannun iyalai sun fi samun ci gaban ƙwaƙwalwa da shaƙuwa, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara 2. Darasin a aikace shi ne mutum ɗaya tsayayye, da wuri, kuma a rage sauye-sauyen gida.

Tun farko a san wa ke da ikon sa hannu a takardar jinya, domin sau da yawa ba mariƙin ba ne, hukuma ce ko iyayen asali. A nemi tarihin yaron daga jami'in walwala: gida nawa ya zauna, me ke firgita shi, wane magani yake sha. Kada a jingine jinya har sai an samu gidan dindindin, wannan jiran na iya cin shekaru. Amma idan an san za a sauya masa gida cikin 'yan makonni, a tsaya kan dabarun jiki, kada a buɗe labarin da ba za a rufe ba. In an sauya gida, a yi ƙoƙari kada a sauya ƙwararren.

Makonnin farko yaron kan yi luf, daga baya rigima ta taso. Mariƙa da yawa kan ɗauka sun gaza, alhali sau da yawa alama ce ta ya fara sakin jiki yana gwada ko nan ma za a kore shi. Maganar da ta fi kowace ɓarna ita ce "zan mayar da kai." Kada ta fito ko cikin fushi. Idan yana ɓoye abinci, kada a kulle, kada a kunyata shi. A ba shi wani ɗan kwando nasa da ba ya yankewa, a tsayar da lokutan cin abinci. A ƙwanƙwasa kafin a shiga ɗakinsa, a nemi izini kafin a rungume shi, a bar ƙaramar fitila da dare. Korar yaro zuwa ɗaki shi kaɗai a matsayin horo tana tuna wa wanda aka taɓa yasarwa abin da ya fi tsoro. Gara a zaunar da shi kusa, a yi shiru tare har ya sauko, sannan a yi maganar gyara abin da ya ɓata.

Ziyarar iyayen asali takan birkita yaro kwana ɗaya ko biyu kafin da bayan. A sanar da shi ranar tun da wuri, a rage hidima a ranar dawowa, kuma kada a mayar da ziyarar lada ko horo. A taimaka masa ya ci gaba da ganin 'yan uwansa in babu haɗari. A haɗa masa littafin tarihin rayuwarsa, da hotuna da sunayen wuraren da ya zauna da dalilin kowane sauyi a faɗe da gaskiya daidai shekarunsa. Matashi kuwa a sa shi cikin kowace shawara, a fara shirin fitarsa daga riƙo da wuri, tunda a ƙasashe da yawa riƙon hukuma na ƙarewa a shekara 18: takardun shaidarsa, bayanan lafiyarsa, da inda zai ci gaba da jinya.

Abubuwan da za a guje wa, da lokacin kammalawa

Duk hanyar da ta ƙunshi danne yaro da ƙarfi, naɗe shi cikin bargo, hana shi abinci ko tsokano fushinsa da sunan gina shaƙuwa, cutarwa ce. A 2000 wata yarinya 'yar shekara 10 ta rasu a irin wannan zama a jihar Kolorado ta Amurka, jihar kuma ta haramta hanyar a shekarar da ta biyo. Haka nan tara yara nan da nan bayan bala'i a sa kowa ya zayyana abin da ya gani a zama ɗaya ba ya hana razana. Game da magani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba yara magungunan kwantar da hankali irin su diazepam don razanar farko, kada kuma a yi jinyar razanarsu da magungunan baƙin ciki. Idan likita ya rubuta magani don wata matsala ta daban, ku tambayi dalili da tsawon lokaci, kada kuma ku tsayar da shi da kanku.

Ɗan ƙaruwar mafarki ko fushi a makonnin labari abu ne da aka saba gani, ku sanar da ƙwararren maimakon ku daina zuwa. Yawan fashin zama ne ke kashe jinya, don haka a tsayar da rana ɗaya a riƙe ta. Mariƙin da ya fara rashin barci ko saurin fushi saboda abin da ya ji, shi ma ya nemi wanda zai saurare shi da kuma ranakun hutu.

Ana sake cika ma'aunin farko a tsakiya da ƙarshe. Idan lambar ta sauka, yaron yana barci, yana zuwa makaranta, yana iya ambaton abin ba tare da ya birkice ba, a sa ranar kammalawa a sanar da shi aƙalla zama uku kafin nan, don kada rabuwar ta zo masa ba zato. Idan bayan zama goma sha biyu ba abin da ya motsa, a sake duba ko akwai cutarwar da ke ci gaba, ko wata matsalar da ba a gano ba, ko hanyar ce ba ta dace da shi ba. Alamun kan iya leƙowa lokacin balaga, ko zagayowar ranar da abin ya faru, ko zaman kotu. A rubuta wa babban dabarun da suka yi wa yaron aiki da lambar da zai kira, domin zama biyu ko uku na tunatarwa sukan wadatar a irin wannan lokacin.